Lagireto da Ruwan Mota: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Kama Hanyar Gida

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, aka kuma nemi a buga shi a wannan mujalla domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

  



Lokacin da kwamitin shirye-shirye ya nemi mu ce wani abu a wannan zama, mun san da yawa sun zaci batun ilimi za mu ɗauko, ko noman rani, ko ruwan sha, kamar yadda aka saba. Da muka ce a kan lagireto za mu yi magana, sai wani dattijo daga cikinsu ya yi murmushi ya ce, "To, yanzu taron ƙungiya za a yi ko na kanikawa?" Muna neman afuwarsa, amma ga dalilinmu. Duk wanda ya bi hanyar gida a jajibirin Sallah, ya haye gadar Wudil, ya ratsa Takai da Kachako da Kwanar Huguma ya shigo Birnin Kudu, ko ya zarce Babaldu ya nufi Gwaram da Basirka, ba zai rasa ganin motoci a gefen titi ba, bonet a ɗage, tururi na tashi, maigida riƙe da galan yana tambayar inda rijiya take, uwargida da yara sun raɓe a inuwar darbejiya. In ka rage gudu ka duba da kyau, sau da yawa za ka ga fuskar da ka sani. Namu ne, mutanen birni masu zuwa gida.

Mu ma ba mu tsira ba. Wata shekara mun taso daga Kaduna da iyali, kwana biyu kafin Babbar Sallah, a motar da aka yi mana gyara mako guda kafin nan. Ashe wanda ya yi gyaran ya cire wani ɗan ƙarfe daga cikin inji ya jefar bai gaya mana ba, ya kuma cika lagireton da ruwan rijiyar da ke bayan garejinsa. Saura 'yan kilomitoci mu shiga gari allurar zafi ta haye, inji ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kuɗin da aka tanada domin rago da ɗinkin yara, a gyaran inji suka tafi. Wannan kuwa tafiyar Sallah ce kawai. Ku yi tunanin motar da ta ɗauko mace mai doguwar naƙuda daga Fagam ko Farin Dutse da tsakar dare za a kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko direban hayar da motar nan guda ɗaya ce gonarsa, ita ce kuma kasuwarsa.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ƙarƙashin bonet. Kowane inji mai shan fetur ko dizal murhu ne. A cikin silinda, a daidai lokacin da mai ya kama wuta, zafi yakan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salsiyos, alhali kuwa alminiyom ɗin da ake ƙera kan injin motocin yanzu da shi, wato tof silinda a bakin kanikawa, a digiri 660 yake narkewa, kuma tun kafin ya kai nan yake lanƙwasa. Cikin kowace lita ta fetur da muka saya, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai, ko ma ƙasa da haka, ke zama ƙarfin da ke juya taya. Wani kason kamar wannan yana fita ta salansa. Ragowar kuwa ruwa ne ke ɗauke shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ya zagaya cikin gangar inji ya kwaso zafi, ya bi ta tiyon sama ya shiga lagireto, a nan ya rarrabu cikin 'yan siraran hanyoyi masu fukafukai, iska ta buge shi ya huce, sa'an nan ya koma ta tiyon ƙasa. Hikimar ɗaya ce da ta uwa mai juye kunun yaro a faffaɗar ƙwarya tana fifitawa. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Maybach ne ya fito da lagireto mai kama da saƙar zuma a kan motar Mercedes ta 1901, kuma har yau a kan wannan tunani ake, sai dai kayan ƙirar sun sauya.

To, a wannan sauyin kaya ne matsalarmu take. Yawancin abin da muka sani game da ruwan mota mun gaje shi ne daga zamanin Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, ita ce kuma motar ma'aikaci da ɗan kasuwa da direban tasha shekara da shekaru. Wasu ma da Volkswagen Beetle ta Legas suka fara, wadda ba ta da lagireto ko kaɗan, iska ce ke sanyaya ta. Gangar injin 504 baƙin ƙarfe ce, lagiretonta na tagulla. In ya toshe, mai gyaran lagireto zai narkar da dalma ya cire kansa, ya zura siririn ƙarfe ya share hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar ya liƙe, a ci gaba da tafiya. Mota ce mai haƙuri, ta jure mana abubuwa da yawa. Amma Corolla da Accord da Sienna da Golf da Sharan da muke hawa yanzu ba haka suke ba. Lagiretonsu alminiyom ne mai kawunan roba, hanyoyinsa sirara ƙwarai, injin kuma kwamfuta ce ke auna masa mai gwargwadon zafinsa. Mota ta sauya, mu kuwa muna nan da ɗabi'un 504.

Ɗabi'a ta farko ita ce ta zuba duk ruwan da hannu ya kai gare shi. Wanda ke son ya ga abin da ruwan rijiya ko na burtsatse ke yi wa inji, ya leƙa cikin butar mai shayi a tasha. Wannan farin ɓawon da ya manne a gindinta, gishirin ƙasa ne da ruwa ya narko da shi daga cikin duwatsu, zafi ya sa ya kwanta. Haka yake kwanciya a cikin inji da lagireto. Yana toshe siraran hanyoyin, kuma ko inda bai toshe ba, yana shiga tsakanin ƙarfe da ruwa ya hana zafi wucewa, kamar wanda ya sa rigar sanyi a watan Afrilu. Bugu da ƙari, tsurar ruwa tana jawo tsatsa a baƙin ƙarfe, tana cin alminiyom, tana cinye fukafukan famfo. Shi ya sa za ka buɗe lagireton wata mota ka tarar da ruwan ya koma ja kamar na kududdufi. Ruwan leda ma da muke yaba tsabtarsa, tsabtar sha ce, ba lallai ne an cire masa wannan gishirin ba.

Abin da masu ƙera mota suka ce a zuba shi ne ruwan lagireto na musamman, wanda ake kira kulan. Akwai masu cewa ai wannan na ƙasashen ƙanƙara ne, domin ya hana ruwa daskarewa, mu ina ruwanmu. Gaskiya ne yana hana daskarewa: in aka gauraya shi rabi da rabi da ruwa, sai sanyi ya kai digiri 37 ƙasa da sifiri kafin ya daskare. Amma wannan ɗaya ne kawai daga ayyukansa. Sinadarin da ke cikinsa, etilin gilaikol, yana ɗaga matakin tafasa daga digiri 100 zuwa kimanin 107, sa'an nan akwai magungunan hana tsatsa da aka zuba a ciki, waɗanda su ne ainihin abin da muke bukata a nan ƙasar. Su magungunan nan ƙarewa suke yi. Tsohon samfuri, wanda galibi kore ne ko shuɗi, bayan shekara 2 ake sauya shi. Sababbin samfura kan kai shekara 5. Kamfanin Toyota ya ce nasa mai ruwan hoda yana kai kilomita 160,000 a zubin farko na masana'anta, daga nan kuma duk bayan kilomita 80,000. Sai dai wanda ya sayi motar da ta riga ta sha duniya kafin ta iso hannunsa bai san abin da ke cikinta ba, don haka gara ya zubar ya fara lissafi daga ranar da ya saya.

A kula da abu uku a nan. Kala rini ce kawai, ba ita ce shaida ba. A duba littafin mota ko jikin galan a ga irin wanda ya dace, kada kuma a riƙa haɗa samfuri daban-daban, domin wasu in sun haɗu sukan yi kauri su toshe hanya. Na biyu, akwai wanda aka riga aka sirka, akwai kuma mai kauri wanda sai an sirka. Mai kaurin ba a zuba shi zalla, domin ruwa ya fi shi iya ɗaukar zafi. Ana sirka shi ne da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma a tabbata ba mai asid ba ne. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma, in an tace shi, ya fi na rijiya nesa ba kusa ba. Na uku, kuma wannan muna roƙon iyayenmu mata su riƙe shi: kulan guba ne mai zaƙi, ga shi da kala irin ta lemon kwalba. Kaɗan ya isa ya lalata ƙodar yaro ko ya kashe akuya. Kada a juye ragowarsa a robar lemo, kada a bar shi a inda yara ke kaiwa, kada kuma a malalar da tsohon a tsakar gida ko kusa da rijiya.

Sai murfin lagireto, ɗan hakin da aka raina. Mutane da yawa sun ɗauka aikinsa ya hana ruwa zuba ne kawai, har mukan ga wanda nasa ya ɓata ya toshe bakin da tsumma da leda. In kuka duba samansa za ku ga lamba, 0.9 ko 1.1 a yawancin motocin Japan, na Turai kuwa har 1.4 ko fiye. Wannan ma'aunin matsin da murfin ke riƙewa ne. Ruwa in yana cikin matsi ba ya tafasa da wuri: tsurar ruwa a ƙarƙashin lafiyayyen murfi sai ta kai wajen digiri 120, mai kulan kuwa ta kusa 130. Injin yanzu yana aiki ne tsakanin digiri 85 zuwa 105. Kun ga ke nan, motar da robar murfinta ta tsage, aka kuma cika ta da ruwan rijiya, tana tafiya ne a bakin tafasa ko da komai nata lafiya lau yake. Mun sha ganin an sauya lagireto, an sauya famfo, an sauya fanka, alhali murfi ne ya mutu, wanda shi ne mafi araha a cikinsu duka.

Yanzu mun zo kan ɗan ƙarfen nan da aka cire mana a Kaduna, wato tamostat, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin mun san akwai masu ra'ayin da ya saɓa wa namu a cikin wannan ɗaki. Al'ada ta zama cewa da zarar mota ta sauka daga jirgin ruwa, kafin ma a yi mata lamba, sai a cire mata tamostat, a kuma haɗa fanka kai tsaye da makulli ta yadda za ta yi ta juyawa daga tayarwa har kashewa. Hujjar ita ce an ƙera motar ne domin ƙasar sanyi. To, alhazai da hajiyoyin da ke nan sun ga motocin da ke yawo a Makka da Madina a tsakiyar bazara, inda zafi ke wuce namu. Toyota ce irin tamu, kuma da tamostat ɗinsu masana'anta ta aiko su.

Tamostat ƙofa ce mai buɗe kanta. Akwai ɗan kakin da aka rufe a cikinsa, wanda zafi ke kumbura shi ya tura ƙofar. Da safe, inji na sanyi, ƙofar a rufe take, ruwa na zagayawa a cikin inji kawai domin ya yi saurin ɗumi. In zafi ya kai lambar da aka buga a jikinsa, 82 ko 87 alal misali, sai ya fara buɗewa ya sake ruwa zuwa lagireto. Da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ya haura digiri 40, a wangale yake, ba ya tare komai. Saboda haka lafiyayyen tamostat ba ya sa mota zafi. Wanda ya tsufa ya maƙale a rufe shi ke sa wa, maganinsa kuwa a sa sabo. Gwajinsa ba wuya: a jefa shi a tukunya a ɗora a wuta, a ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Me ke faruwa in an cire shi? Da farko injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, musamman da asuba a lokacin hunturu, ko a doguwar tafiyar dare. Kwamfutar mota tana ganin inji da sanyi sai ta ci gaba da ƙara masa mai, kamar wanda ya manta cok a jawo. A da ba mu damu ba. Amma tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa, kowa ya san darajar abin da ke fita ta salansa. Sa'an nan man da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya gangara ya tsinka shi, ringi da fistin su riƙa cin juna. Abin da ya fi ba da mamaki kuma shi ne, a injuna da yawa tamostat ƙofa biyu yake tsaro: yana buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda yana rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji. In babu shi, gajeriyar hanyar na nan a buɗe, wani ɓangare na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai ga lagireto ba. Wato abin da aka cire domin gudun zafi, shi ke kawo zafin a ranar da aka cika mota da mutane da buhuna.

Ita ma fankar da aka haɗa kai tsaye, haka. A kan buɗaɗɗen titi iskar da gudu ke kawowa ta isa, ba a bukatar fanka. Amfaninta a cunkoso ne, irin na Wudil ranar Juma'a ko na bakin kasuwar Sara. Wadda ta yi ta juyi na awa biyar ba dalili, ita ce ke ƙonewa a daidai inda ake nemanta. In fanka ta daina tashi da kanta, a duba fiyus da rile da na'urar da ke jin zafi, a gyara wanda ya lalace. Haka nan masu gaggawar sayen lagireto mai layi biyu: ba laifi ba ne, amma ba ya warkar da mataccen murfi ko cinyayyen famfo.

Ba muna zargin kanikawanmu ba ne. Yawancinsu abin da suka tarar iyayen gidansu na yi suke yi, kuma sau da yawa mu masu motar ne ke cewa a yi mana na araha mu tafi.

Akwai kuma toshewa ta waje, wadda ƙasarmu ta fi birni yawanta. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayin kaka, fara da ƙwarin dare, taɓon damina a hanyoyin ƙauye, da leda da iska ke mannawa a gaban mota, duk suna cushe fukafukan lagireto. A motar da ke da na'urar sanyi, akwai wani mai kama da lagireto a gabansa, kuma a tsakanin su biyun ne datti ya fi taruwa, inda ido ba ya gani. A wanke da ruwa mai sauƙin ƙarfi, daga baya zuwa gaba. Injin feshin masu wankin mota in aka matso da shi kusa, kwantar da fukafukan yake yi, gyara ya zama ɓarna.

Tiyo da bel ba sa bukatar dogon bayani. In inji ya huce a matsa tiyo da hannu. Wanda ya kumbura, ko ya yi laushi kamar dafaffen rogo, ko ya bushe yana tsagewa, a sauya shi. Farin gari ko kore da ya bushe a bakin mahaɗa alamar yoyo ce. Famfon da ke kuka ko yake ɗiga ta ƙasansa ya gama aiki. A motocin da bel ɗin taimin ne ke juya famfo, a sauya su tare, domin kuɗin aikin ɗaya ne.

Wankin cikin lagireto kuwa, ga yadda ya kamata mai mota ya tsaya ya ga an yi masa. Inji a sanyaye, a kwance magudanar ƙasa a tari tsohon ruwan a mazubi. A cika da ruwa mai tsabta, a tayar da inji, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi domin ruwan ya ratsa ta cikinta, a bari ya yi ɗumi, a kashe, a jira ya huce, a zubar. A maimaita har ruwan ya fito garau. Sa'an nan a zuba kulan. Ƙaramar mota kan ci lita 5 zuwa 7. Sai a fitar da iskar da ta maƙale a ciki, domin iska a cikin inji tana hana ruwa taɓa ƙarfe a wannan wurin. Washegari da safe a sake duba ma'ajiyar robar nan ta gefe, ruwa ya tsaya tsakanin layukanta biyu. Ban da garin sabulu, ban da kanwa, dukansu suna cin alminiyom. Ɗanyen ƙwai da garin barkonon da ake zubawa domin toshe yoyo kuwa, ba su san bambancin huda da hanyar ruwa ba, duka suke toshewa.

To, in duk da haka abin ya faru a hanya fa? Da ganin allura ta nufi ja, a kashe na'urar sanyi, a kunna hita da ƙarfi ko da za a sha gumi, domin ita ma ƙaramin lagireto ce, a nemi wuri mai aminci a sauka daga kwalta sosai, a kashe inji, a sa alamar tsayawa. Kada a ce bari a lallaɓa a ƙarasa gari. Tsakanin ƙonewar gaskit da lanƙwasar tof silinda da bugawar inji gaba ɗaya, 'yan mintoci ne. In kuma allurar ta haye sa'an nan ta faɗo da kanta ba dalili, kada a yi murna. Mai yiwuwa ruwan ne ya ƙare har na'urar ba ta da abin da za ta auna.

Kada a taɓa murfi sai bayan aƙalla rabin awa, sai tiyon sama ya saki ya taɓu da hannu, sa'an nan a ɗora tsumma mai kauri a murɗa a hankali, fuska a kauce. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi tafasa. Ana buɗewa yake zama tururi ya yi tsiri. Yaran mota nawa muka sani da tabon wannan a fuska da ƙirji? In tsautsayi ya auku, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da baƙin mai, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Kada kuma a sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, ko a kansa ko a cikinsa, domin ƙarfe na iya tsagewa kamar tukunyar ƙasa. In ya huce, a irin wannan hali kowane ruwa mai tsabta ya halatta domin a isa gida, amma a zubar da shi a cikin makon. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122, ya kamata ta kasance a wayar kowane mai tuƙi.

Bayan an iso, a lura da alamun ƙonewar gaskit: farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan inji ya yi ɗumi, kumfa na tasowa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko ruwa na raguwa kullum ba a ga inda yake zuba ba. Mai irin wannan mota kada ya juya Abuja ko Legas da ita a haka.

Ranku ya daɗe, mun san wannan ƙungiya an kafa ta ne domin ci gaban gida, don haka ga abin da muke roƙo. Mu da ke birni muna da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas. In mun ga dama za mu sami kaya da gwani. Direban da ke jigila tsakanin Gwaram da Sara da Birnin Kudu, da mai ɗauko marasa lafiya daga Sundimina ko Kila, ba su da wannan gatan. Akwai kayan aiki guda uku da ba su fi ƙarfin aljihun ƙungiya ba: famfon hannu na gwada matsin lagireto da murfinsa, wanda ke tona yoyo cikin minti biyar tun mota na tsaye, ɗan ma'aunin da ke nuna ko kulan na gaske ne ko ruwa ne aka rina, da ma'aunin zafi na hannu da ake haska wa ƙarfe, wanda ke nuna ɓangaren lagireton da ya toshe. Muna ba da shawarar a sayi saiti biyu, ɗaya Birnin Kudu, ɗaya Gwaram, a damƙa su ta hannun shugabannin kanikawa na garuruwan biyu, a rubuce, da sunan wanda zai riƙe. A kuma zaɓi matasa huɗu daga cikin masu koyon aiki, biyu daga kowace ƙaramar hukuma, a tura su wata uku garejin da ke aiki da kwamfuta a Kano, ƙungiya ta ɗauki abincinsu da makwancinsu. Mu a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin zama da direbobin tashoshin biyu, yini guda-guda, mu maimaita musu wannan bayani da inji a gabanmu, in shugabanninsu sun amince.

Su kuma rassanmu na birane, muna roƙon kowane reshe ya sa rana, mako biyu kafin kowace Sallah, mambobi su kawo motocinsu wuri guda a duba ruwa da murfi da tiyo da fanka da bel. Mun ce mako biyu ne domin wanda aka gano wa matsala ya sami sararin gyarawa, ya kuma yi 'yan kwanaki yana gwada motar a cikin gari kafin ya ɗora mata iyali. Mun miƙa wa sakatare sunayen kayan nan uku a rubuce, muna fatan za a sa batun cikin abubuwan da za a tattauna bayan sallar Azahar.